Wasiƙa daga Dortmund: kafin a haƙa rijiya a filin nan

Yaya, assalamu alaikum. Ya gida, ya zafin Sakkwato? A gaishe min da Inna da yara.

Kun tambayi yadda kaya suke a Jamus. Ta fannin abinci dai kada ku yi mana sha'awa. Albasar da ake jibgewa buhu-buhu a kasuwa can, nan a ƴar raga ake sayar da ita, kuma ba ta da yajin tamu. Naman rago sai shagon Turkawa, kilishi kuwa sai wanda wani ya tuna da mu. Wuta ba a ɗaukewa, amma in takardar kuɗinta ta zo, da kanka za ka bi ɗakuna kana kashe fitila. Ruwan famfo ne kawai na sallama musu, daga bututu sai baki, ba mai kura ba ruwan leda.

Abin da na fi son ku ji shi ne maganar ƙasa, wadda ake takawa. Yankin nan na Ruhr da kwal da ƙarfe ya tashi, kuma kwal ya durƙushe, ƙarfe ma ya ja baya sosai. Mahaƙar kwal ta ƙarshe, a Bottrop, a Disambar 2018 aka rufe ta. Masana'antu suka tafi suka bar filaye jiƙe da kwalta da baƙin mai da dalma. Ba mai son saye, domin a dokarsu mai fili na iya biyan kuɗin gyara ko da ba shi ya ɓata ba. Shi ya sa gwamnatin jiha da ta gari suke sa kuɗi, wani lokaci har da Tarayyar Turai. Hukuma tana da rajistar irin waɗannan filaye, mai niyyar saye yana iya tambaya kafin ya biya.

A unguwar Hörde, nan cikin Dortmund, akwai masana'antar ƙarfe da aka rufe a 2001. Aka kwashe ƙarafan, aka haƙe wurin, a 2010 aka fara cika shi da ruwa, ya zama tafkin Phoenix. Da ƙasar da aka haƙo aka tayar da tudu a gefe, yanzu ciyawa ta rufe shi, tsofaffi na hawa da sandunansu suna kallon kwale-kwale. An hana iyo a ciki, amma agwagi ba ruwansu da doka. A garin Duisburg kuma akwai wata masana'antar ƙarfen da ba su rushe ba. Ta daina aiki a 1985, suka mai da ita wurin shaƙatawa, tankin gas suka cika da ruwa ana koyon nutso. Kogin Emscher, da ya daɗe yana zaman buɗaɗɗen lambatu, shekara 30 aka yi ana gyaransa da kusan Yuro biliyan 5.5, sai ƙarshen 2021 aka daina zuba masa ƙazanta.

Sai dai ni ban cika yaba musu ba. Gidajen bakin tafkin sun fi ƙarfin ɗan lebura, masu hali ne suka tare. Ƙasa ta gyaru, aikin da ya tafi bai dawo ba. Gelsenkirchen, nan kusa da mu, har yau tana cikin garuruwan da suka fi fama da rashin aikin yi a Jamus.

Duk da haka, in na tuna Zamfara sai jikina ya yi sanyi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma ƙauyen Bagega sai 2013 aka saki kuɗin kwashe masa ƙasar da gubar ta ɓata. Aikin ma ba wani tsafi ba ne: a kankare saman ƙasa, a binne ta inda ba za ta taɓa ruwa ba, a zuba sabuwa.

To Yaya, filin da kuka ce za mu haɗa kuɗi mu saya, na tuna garejin kanikawa ne a da, har da masu fasa batirin mota. Cikin batir dalma ce, kuma ba ta ruɓewa, yara masu rarrafe su ta fi kamawa. Don Allah a dakata da kafin alƙalami da zancen rijiya. A ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban, musamman inda suke zubar da ruwan batir, a kai jami'a ko wani ɗakin gwaji a auna. Kuɗin awon ni zan turo ƙarshen wata, tare da na maganin Inna.

Ƙaninku.