Sharhina kan kwas ɗin sanin jikin ɗan Adam na masu horar da motsa jiki

Shekara 5 ina horar da mutane a wani gidan motsa jiki a Kano, amma ilimin nawa duk na gani ne. Abin da maigidana ya nuna mini, shi nake nuna wa wasu. Wata rana wani dattijo ya dafa bayan cinyarsa ya ce, "Ɗana, jijiya ce ke damuna." Na rasa amsar da zan ba shi. Wannan ne ya sa na biya kuɗin wannan kwas na mako 6, Asabar da Lahadi.

Ko darasin jijiya kaɗai aka koya mana, kuɗina bai tafi a banza ba. Mu a Hausa komai jijiya ne. Malamar, likitar gashin ƙashi ce, ta raba mana ita gida huɗu: akwai ta jini, akwai mai ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara, akwai mai ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, wadda ita ke jin ciwo idan an yi targaɗe, sai kuma wadda ta fito daga laka tana kai saƙo. Ta ce ciwon da ke tasowa daga ƙugu ya gangara ta bayan cinya har ƙafa, ga sagewa ko jin kamar ana tsira allura, sau da yawa daga jijiyar lakar nan yake, kuma maganinsa ba ya hannun mai horaswa. Asibiti za a tura mutum. Ina zaune sai dattijon nan ya faɗo mini a rai, domin man zafi na so in ce ya shafa.

Akwai ƙwarangwal na roba a ajin, kuma shi ya fi takardu koyarwa. Kowa zai iya haddace cewa baligi na da ƙashi 206. Amma sai da na sa yatsa a kan gaɓoɓi 5 na ƙasan ƙashin baya, na ga yadda suke ɗauke da nauyin saman jiki, sannan na gane dalilin hana mutum ɗaga ƙarfe daga ƙasa da baya a lanƙwashe. A nan kuma na koyi cewa tsoka ja take yi, ba ta turawa, shi ya sa suke aiki bibbiyu: ta gaban damtse ta lanƙwasa hannu, ta baya ta miƙe shi. Yanzu samarin da ke zuwa don ƙirji kawai, sai sun yi atisayen baya kafin in sallame su.

An gyara mini wasu abubuwa biyu da na daɗe ina faɗa. Atisayen ciki shi kaɗai ba ya narkar da tumbi, kuma tsamin jikin da ke tsananta bayan awa 24 zuwa 72 ba shi ne ma'aunin aiki ya yi kyau ba.

Inda raina bai so ba shi ne ɓangaren zuciya da huhu. Rana ɗaya aka ba shi. An ce bugun zuciyar baligi a hutu 60 zuwa 100 ne a minti, an ba mu lissafin cire shekarun mutum daga 220 don sanin iyakar saurin bugun zuciyarsa, an ce ƙiyasi ne kawai, aka wuce. Alhali rabin masu zuwa wurina da asuba masu hawan jini ne da likita ya ce su motsa jiki. Babu kuma ko kalma ɗaya a kan horo lokacin azumi, ko a zafin Maris da Afrilu. Takardun duk da Turanci mai tsauri suke, har wasu abokan karatuna biyu suka daina zuwa a mako na 3. Wannan ya dame ni, don ƙwararru ne a aikinsu.

Duk mai horaswa da ke iya karanta Turanci, ina ba shi shawara ya shiga, ya kuma zauna kusa da ƙwarangwal ɗin. Dattijon nan na raka shi asibiti da kaina, yanzu ana yi masa gashi, a wurina kuma tafiya a hankali kawai yake yi, yadda likitarsa ta tsara.