Gargaɗi ga masu fentin ƙananan barade: hattara da mai sayar da jabun zubi

Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan'uwa masu sha'awar tara ƙananan mutum-mutumin sojojin doki na tarihi, da yi musu fenti da sauya musu fasali, saboda akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan masu wannan sha'awa a Facebook yana karɓar kuɗin jama'a da sunan yana sayar da kayan asali, alhali abin da yake aikowa jabu ne, wani lokacin ma ba ya aiko komai. Ba zan ambaci sunan da yake amfani da shi ba, domin ya canza shi sau biyu tun da na san shi, kuma ina tsoron kada ya zama sunan wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Salon damfararsa ne bai canza ba, shi kuma zan bayyana.

Yakan fara da sanarwar cewa zai daina wannan sha'awa saboda zai tashi daga gidan da yake haya, don haka yana neman rabuwa da duk abin da ya tara a ƙasa da rabin kuɗinsa. Ni abin da ya ja hankalina shi ne mahayan Ansar, wato mabiyan Mahadi, masu girman milimita 28, waɗanda ya ce na kamfanin Perry Miniatures ne da ke Nottingham a Ingila, daga jerin da 'yan'uwan nan biyu, Alan da Michael Perry, suka sassaƙa a kan yaƙin Mahadi na Sudan tsakanin 1881 da 1885. Na daɗe ina son in mayar da irinsu baraden lifidi na ƙasarmu, wato in gina wa dawakin lifidi da ƙullun Milliput, wanda ake mulmulawa ya daskare ya yi tauri, in yi wa mahayan kwalkwali da gashin jimina, in sauya musu masu da garkuwa. Na haɗa da wani babban barde mai milimita 75, sojan Faransa mai sulken ƙirji na yaƙin Waterloo na 1815, wanda ya ce ƙirar Italiya ce. Ƙanena da ke karatu a Ingila ne ya biya a madadina, kuma a nan muka yi kuskuren farko, domin mutumin ya nace a tura kuɗin ta hanyar da PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ya ware don aika wa dangi da abokai, wai don a kauce wa kuɗin da ake cirewa. Wannan hanya ba ta da kariyar mai saye. Wanda ya biya ta hanyar cinikin kaya yana da damar shigar da ƙorafi, amma wanda ya aika a matsayin kyauta ya yi kyauta ke nan.

Sai da ƙanena ya zo hutu ya kawo mini kwalin, na zazzage shi a kan tebur, sannan na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa. Yadda ake yin jabun zubi ba shi da wuya: mutum ya sayi asali guda ɗaya, ya lulluɓe shi da robar silikon har ta daskare, ya zare asalin, sai ya riƙa zuba rezin, wato ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri, ko narkakken ƙarfe mai arha a cikin ramin yana fitar da kwafi iya son ransa. Sai dai kwafin ba ya ɓoye asirinsa ga mai lura. Kowane zubi na asali yana da siririn layi guda ɗaya inda ɓangarori biyu na abin zubin suka haɗu, wanda muke kankarewa da wuƙa kafin fenti, shi kuwa jabu layi biyu yake fitowa da su, wanda ya gada daga asalin da wanda sabon zubin ya ƙara masa. Na ga layukan nan biyu kwance kusa da juna daga kunnen doki har gindin wutsiya. Gezar dawakin ta narke ta zama curi ɗaya ba a bambance silin gashi, likkafa ta toshe, linzami ya manne da wuyan doki, ga ƙananan ramukan kumfa a kofato da kan hanci. Da na jera su da wani mahayi na asali da nake da shi, sai na ga duk sun ɗan tsuke, domin kowane kwafi yakan ragu kaɗan daga wanda aka kwafo shi.

Babban barden ya fi ba ni takaici. Rezin ɗinsa yana danƙo a hannu yana warin fetur, alamar ba a auna haɗin daidai ba, na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu har sau uku amma fentin share fage ya ƙi kama shi. Da na zo huda ƙafar dokin domin in sa mata wayar da za ta riƙe ta a kan gindinta, sai ta tsage gida biyu. Ga mai sauya fasali, wanda duk aikinsa yanka ne da huji da goga, irin wannan kaya ba shi da wata rana. Ƙananan kuma ƙarfensu ya yi duhu da taushi fiye da kima, har yana barin baƙin zane a takarda, abin da ya sa nake zargin dalma ta yi yawa a ciki. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai zauna yana goge irin wannan ƙarfe a ɗakin da 'ya'yansa ke wasa ba, shi ya sa na tattara su na kulle.

Damfararsa ta biyu ta fi wannan muni, kuma ita ta ci wani abokina. Mutumin yana tallar cewa yana karɓar aikin fenti, a ba shi rabin kuɗi ya gama runduna guda cikin wata ɗaya, yana nuna hotunan ayyuka masu ban sha'awa. Da muka saka hotunan a Google Lens, manhajar binciken hoto, sai muka tarar na mutane daban-daban ne, wasu an wallafa su shekaru da dama da suka wuce. Da mun natsu tun farko da mun lura cewa hannu ɗaya ba ya yin salon inuwa iri huɗu. Bugu da ƙari, bai san tarihin abin da yake sayarwa ba. Abokina ya nemi rundunar Scots Greys ta Waterloo, wato wasu sojojin dokin Birtaniya, sai mutumin ya tambaye shi ko yana son sulken ƙirjinsu ya yi ƙyalli ko ya dushe, alhali waɗannan sojoji jajayen riguna da dogayen hulunan fatar beyar suka sa a ranar 18 ga Yuni 1815, ba su ɗaura sulke ba, kuma kilin dawakinsu ne ya ba su sunan. Bayan wata biyu mutumin ya turo lambar bin sawun kaya wadda ba ta nuna komai, daga bisani ya ce kwalin ya maƙale a kwastan sai an ƙara kuɗi, da abokina ya ƙi sai ya toshe shi.

Duk wanda zai sayi irin waɗannan kaya daga hannun wanda bai sani ba, ya nemi a ɗauki hoton dokin kusa-kusa ta baya da ta ciki, a ajiye ruler da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar da rubutun hannu a gefensa, ya kuma tambayi tsofaffin 'yan zaure ko akwai wanda ya taɓa ciniki da shi kaya suka iso lafiya. Idan mai kaya ya ce ba zai karɓi kuɗi ta hanyar da ke da kariya ba, a bar masa kayansa komai arharsu.

A makon jiya na sake ganinsa da sabon suna, wannan karon yana tallar baraden Poland masu fukafukai na yaƙin Vienna na 1683, da wancan labarin dai na tashi daga gidan haya. Hotunan kayan da ba a yi wa fenti ba shi yake ɗauka da kansa, kuma duk a kan koren faifan yanka guda ɗaya ne mai tabon ƙuna a kusurwar hagu ta sama. Na sanar da masu kula da zauren, wanda kuma ya ga wannan faifai a wani zaure ya taimaka ya sanar da nasu.