Gonar dawaki a bayan Ikorodu: a duba kofato kafin ciniki

Ƙaramar gona ce, goɗiya shida da ingarma ɗaya. Masu gonar sun iya kiwo: ba sa yaye dukushi sai ya cika wata 6, kuma suna barin mai saye ya duba haƙora ya hau dokin kafin a yi ciniki. Harawa da dusa daga Arewa ake kawo musu, shi ya sa kuɗin dawakinsu ya ɗara na Kano.

Inda suka gaza shi ne turke. Da damina ruwa na kwanciya a wurin, ga laimar Legas, sai ƙasan kofato ya ruɓe yana wari. Ka ɗaga ƙafa huɗun duka, ka kankare, ka sansana. Ka nemi takardar likitan dabbobi kan cutar sammore ma, don akwai ƙudan tsando mai yaɗa ta a yankin.