Bitar Google Earth: Badalar Kano, Hasumiyar Agadez da Abin da Ido Ke Gani Daga Sama

Na shafe kusan wata biyu ina amfani da manhajar Google Earth a kwamfuta da wayar hannu, domin in ga ko hotunan tauraron ɗan Adam da take bayarwa kyauta suna iya nuna gine-ginen tarihi da fitattun wuraren ƙasarmu yadda ya kamata, ko kuwa amfaninta ya tsaya ga dalolin Masar da tsibirin Dubai mai siffar dabino, waɗanda kowa ke fara nema. Manhajar ba baƙuwa ba ce. Wani kamfani mai suna Keyhole ne ya ƙirƙire ta, Google ya saye shi a 2004, ya fito da ita da sunanta na yanzu a 2005, sannan a 2015 ya daina karɓar kuɗi a kan Google Earth Pro, wadda ake sakawa a kwamfuta, kuma ita na fi dogara da ita.

Ya kamata mai amfani ya sani tun farko cewa hotunan ba na kai-tsaye ba ne, saboda haka wanda ke fatan ganin motar da ya ajiye a ƙofar gida da safe zai sha mamaki. An ɗinke su ne daga hotunan da kamfanoni irin su Airbus da Maxar suka ɗauka a lokuta daban-daban, tare da na taurarin Landsat na Amurka, kuma ana rubuta ranar ɗauka a ƙasan allo. Mafi kyawunsu kan nuna abu mai faɗin kimanin santimita 30 a matsayin ɗigo ɗaya, wato za a iya ƙirga motoci da rumfunan kasuwa da itatuwa, amma ba za a gane fuskar kowa ba.

A Kano na fi daɗewa, kuma a nan ne manhajar ta fi burge ni. Wanda ya bi titin BUK daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Kabuga yana ganin badala ne guntu-guntu, nan tudun jar ƙasa, can shaguna sun rufe ta, har ya ɗauka babu abin da ya rage. Daga sama kuwa zanen ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya aza harsashinta a ƙarni na 12 yana nan a fili, domin ko inda ƙasar ta zube, titi da jerin gidaje sun ci gaba da bin sawunta, ta Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya, ta zagaya Kansakali da Waika. A cikin da'irar ana ganin Dala da Goron Dutse kamar tabo biyu marasa gini a tsakiyar cunkoso, ga Gidan Rumfa da filayensa da itatuwansa, ga kuma koriyar ƙubbar babban masallacin Juma'a a gefensa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kududdufai, waɗanda suke fitowa baƙi-baƙi ko kore shar saboda kainuwa. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birnin, don haka kowane kududdufi shaida ce ta unguwar da ta tashi a gefensa. Da mutum ya matsa zuwa Sabon Gari sai lungunan da suka sarƙe kamar saiwar itace su ƙare, layuka miƙaƙƙu na tsarin zamanin Turawa su fara, kuma ba a buƙatar wani malami ya bayyana bambancin. Hatta kwanon rufi yana ba da labari, domin mai tsatsa ya fi yawa a tsofaffin unguwanni, shuɗi da ja kuma a sababbi.

Sai dai ginin ƙasa yana da wata matsala da ba ta shafi ginin siminti ba, wato launinsa ɗaya ne da ƙasar da yake tsaye a kanta, kuma tauraro daga bisa yake kallo, ba ya ganin tsayi. Hasumiyar masallacin Agadez, wadda aka fara ginawa a 1515, aka sake gina ta a 1844, tsayinta mita 27 ne, kuma tana cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Amma daga sama ɗan murabba'i ce kawai wanda ido zai iya tsallakewa. Inuwarta ce ke tona asirinta. Dabarar da na koya ke nan, kuma ta yi mini aiki a kan hasumiyar Gobarau ta Katsina: a nemi inuwar da ta fi ta maƙwabta tsawo, a bi ta zuwa gindinta. Dabara ta biyu ita ce alƙibla. Masallatanmu suna fuskantar gabas da ɗan karkata zuwa arewa, saboda haka duk babban ginin da ya saɓa wa layin titi ya karkace shi kaɗai, galibi masallaci ne, ko da ba a rubuta sunansa ba.

A ganina, abin da ya fi komai daraja a manhajar shi ne maɓallin tsofaffin hotuna, wanda ke ba mutum damar komawa baya shekara bayan shekara a wuri guda. Da shi ake ganin kududdufin da ke cike da ruwa a farkon shekarun 2000 yana tsukewa daga gefe, ana cike shi da shara da ƙasa, har wata shekara a tarar da gidaje a kansa; da shi kuma ake ganin Ƙofar Nasarawa kafin gadar sama da bayanta. Yana da wani amfani na daban, domin idan hoton baya-bayan nan ya faɗo a lokacin hazo ko gajimaren damina, ana iya komawa wata shekarar da sama ta yi garau. Akwai kuma jerin hotunan Landsat da suka fara daga 1984, waɗanda ba su da kaifin nuna gida ɗaya, amma suna nuna yadda Abuja ta tashi daga daji ta bazu, musamman bayan mayar da babban birnin tarayya can a 1991.

Wuri ɗaya ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. A tsakiyar hamadar Tenere ta Nijar, kusa da 16°51′53″ arewa da 11°57′13″ gabas, akwai wata baƙar da'ira mai faɗin kimanin mita 60, da siffar jirgin sama a cikinta. Abin tunawa ne da mutum 170 da suka rasu ranar 19 ga Satumba 1989, lokacin da bam ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA na Faransa mai lamba 772 bayan ya tashi daga N'Djamena zuwa Paris. Iyalan mamatan ne suka gina shi a 2007 da baƙaƙen duwatsu, tare da taimakon mutanen yankin, suka jera fasassun madubai 170 a kewayensa, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye. Kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa taka wurin da ƙafa, kuma an tsara shi ne tun asali domin a gan shi daga sama.

Ta fuskar gazawa, sunayen wurare su ne suka fi rauni. Da yawa daga cikinsu masu amfani ne ke sakawa, shi ya sa ake samun shagon sayar da waya da suna ɓaro-ɓaro, alhali tsohuwar ƙofar gari ko gidan sarauta da ke kusa ba su da alama, ko kuma an rubuta sunan da kuskure, ba ƙugiya a ƙ da ɗ. Siffofin gine-gine masu nuna tsayi da kauri, waɗanda ake iya zagayawa a kan allo a Paris ko Landan, ba su kai ga tsofaffin biranenmu ba, kuma hotunan kan titi, waɗanda a Najeriya aka fara su a Legas a 2017, ba su shiga lungunan da tarihinmu yake ba. Manhajar tana kuma cin data sosai, domin duk matsawa da zuƙowa sabon hoto ake saukewa.

Duk da haka ina ba malaman tarihi da labarin ƙasa, da ɗaliban zanen gine-gine, da duk mai son sanin garinsu, shawarar su sauke ta. Ta wayar hannu ta isa yawon buɗe ido, amma mai son auna tsawon abin da ya rage na badala tsakanin ƙofa da ƙofa, ko faɗin kududdufi a shekaru biyu mabambanta, gara ya zauna gaban kwamfuta da Google Earth Pro, inda ma'aunin nisa ya fi sauƙin riƙewa, kuma zai fi cin riba idan akwai dattijon unguwa a kusa da zai faɗa masa sunan abin da yake kallo.