Masu gashin ƙashi har gida: yadda muka kwashe da su bayan aikin gwiwata

Na kai shekara shida ina fama da gwiwar dama. Amosanin gaɓɓai ne ya cinye gurunguntsin, har ta kai in na zauna a shagona na atamfa sai an kama ni nake tashi. Bayan ƙaramar Sallah aka yi min aiki a asibitin ƙashi na Igbobi, aka sa min gwiwar ƙarfe da roba. Wanda ya san Legas ya san daga Agege zuwa Igbobi ba tafiyar mai ɗanyen ɗinki ba ce, balle a ce sau uku a mako cikin gosulo. Shi ya sa 'yata ta nemo wani kamfani da ke turo masu gashin ƙashi har gida, muka biya na zuwa 12.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Tun a waya muka ce mace muke so, suka ce babu damuwa. Ran farko sai ga saurayi da jakarsa a ƙofar gida. Yaron kirki ne, ya ba da haƙuri ya juya, amma ranar ta tafi a banza, kuma sai da 'yata ta yi ta kiran ofishinsu kafin suka yarda ba za su lissafa ta ba. Lokaci kuwa ba su san shi ba. A ce goma na safe, sai an kusa kiran azahar, kullum maganar ɗaya ce, hanya ta cushe. Matsalar ita ce ana so ki sha maganin rage zafi kamar minti 30 kafin a fara, to in mai gashin ƙashin ta makara awa biyu maganin ya riga ya sake ki.

Wadda suka turo daga baya Bayarabiya ce, ba ta jin Hausa sai gaisuwa, da Turancin buroka muke lallaɓawa. Tana shigowa ta same ni kwance, na cusa filo biyu a ƙarƙashin gwiwar, don a haka kaɗai nake samun barci. Ko zama ba ta yi ba ta zare su, ta naɗe tawul ta sa min a ƙarƙashin diddige, gwiwar na reto a iska. Na ce, "Yarinya, kashe ni kika zo yi?" Ta ce, "Alhaja, yi haƙuri. In ta warke a lanƙwashe, haka za ki yi ta ɗingishi." Ashe miƙewar ƙafar ta fi lanƙwasawar wuyar dawowa in aka yi sake. Na tabbata sun faɗa min a asibiti, amma ranar sallama hankalina yana gida.

Tana da wani ma'auni kamar rula biyu da aka haɗa da ƙusa, ta ɗora shi a gefen gwiwa ta rubuta a littafi. Ran farko digiri 60 nake lanƙwasawa. Ta ce 90 muke nema tukuna, don sai da shi ake zama a kujera daidai. Sai in zauna a bakin gado, ta sa min leda a ƙarƙashin tafin ƙafa don ta riƙa zamewa a kan tayil, in ja baya har inda numfashina zai ɗauke, ta ƙirga goma. Goma ɗinta ta fi ta kowa tsawo. Na yi kuka a gabanta ba sau ɗaya ba, ita kuwa ko a jikinta, sai dai ta miƙo min ruwa. A zuwa na bakwai muka taɓa 90.

Sai rigimar 'yan dubiya. Kowa da maganinsa: wannan ta ce a gasa da ruwan zafi kamar mai jego, waccan ta kawo man zafi, wata ma ta ce a kira mai ɗori daga Mile 12. Mai gashin ƙashin ce ta raba ni da su, ta ce sabon kumburi sanyi yake so, minti 15 zuwa 20, kuma a naɗe ƙanƙarar a tawul, kada ta taɓa fata. Da wutar nan tamu ina za a samu ƙanƙara kullum? Ta ce a sayo fiya wata mai ƙanƙara wajen masu sayarwa a bakin titi, guda biyu sun isa. Dabarar ta yi, jikana ya samu aiki, ya kuma samu na alawa. Ta kuma ja min kunne: in riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa ko ina kwance, in kuma na ga sha-raɓata ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi min wuya, kada in jira ta, asibiti kai tsaye, don yana iya zama gudan jini.

Bayi na tsuguno ne a gidanmu, sai da muka sayi kujerar bayi. Benen kuma ta koya min: in za ki hau, lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ki sauka, mai ciwon ce gaba.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, zuwa ɗaya ya fi cefanen gidanmu na kwana biyu. Duk da haka na ƙara biyan zuwa shida, da sharaɗin ita za a turo min, ba wata ba. Mai son ɗaukarsu ta sa a rubuta mata wannan sharaɗin kafin ta tura ko sisi, kuma ta nemi ganin shaidar aikin wadda za a turo.

Yau sati tara. Na ajiye ƙarfen dogarawar nan mai ƙafa huɗu, sanda nake riƙewa, ma'aunin ya nuna 110. Salla dai har yanzu a kujera nake yi. Na tambaye ta yaushe zan kai goshina ƙasa, ta ce wannan sai mun je wajen likita ranar Talata.