Geltar Archei: wanda bai hau dutsen da sassafe ba ya yi asarar kuɗin mota

Kamfanin yawon buɗe ido da ya ɗauke mu daga Njamena zuwa yankin Ennedi, a arewa maso gabashin Chadi, don ganin Geltar Archei bai yi mana ƙarya a kan mota da direba ba. Toyota ce mai ƙarfi, da jarkokin ruwa da na mai a ɗaure, direban kuma Batube ne da ya san yashin nan kamar yunwar cikinsa. Su suka nemo mana takardar izinin tafiya, saboda haka jandarmomi ba su ɓata mana lokaci ba a hanyar Abeche da Kalait. Abinci dai taliya da sardin, yau da gobe. Shayi ne ya cece mu.

Geltar, wato tafkin da ke cikin duwatsu, tana kusa da garin Fada, cikin gandun da ƙungiyar kare namun daji ta African Parks ke kula da shi tare da gwamnatin Chadi tun 2018, bayan UNESCO ta sanya duwatsun Ennedi cikin kayan tarihin duniya a 2016. Kwazazzabo ne mai zurfi tsakanin jajayen duwatsu, a ƙasansa ruwa kwance wanda ba ya ƙafewa ko da rani. Ruwan baƙi ƙirin ne saboda kashin raƙuma, kada wani ya yi mafarkin wanka. Wannan kashin ne ke raya gansakuka, kifi ya ci gansakuka, kadoji su ci kifi. E, akwai kadoji a tsakiyar Sahara, 'yan kaɗan da suka rage tun zamanin da ƙasar take kore. Mu dai ba mu ga ko jelar ɗaya ba.

Inda na yi faɗa da ɗan jagoranmu shi ne batun hawa sama. So ya yi mu leƙa daga ƙasa mu wuce, wai rana ta yi. Na ce, "Malam, ba don wannan muka baro gida ba." Washegari muka hau bayan asuba. Hawan akwai wuya, amma daga can ne ake ganin makiyaya na koro raƙuma garke bayan garke, kukansu na amsa kuwwa a jikin dutse har ka ji shi a ƙirjinka.

Mai niyya ya sa hawan nan cikin yarjejeniya tun kafin ya biya ko dala, ya tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya kuma riƙo bargo mai kauri, don sanyin dare a Ennedi ba ya jin tanti.