Hattara da mai tallan "dashen da ba ya mutuwa a laka"

Jama'ar Kano, musamman masu sababbin gidaje da ke son ɗan kore a tsakar gida, a yi hattara. Akwai wani da ke cutar mutane da sunan sayar da dashe da furanni. Yana talla a Facebook da TikTok, daga nan ya ja mutum zuwa WhatsApp. Kama sunansa ba zai yi amfani ba, don shafi da lambar waya canza su yake yi. Ga dai yadda yake aikin.

Masu ƙasar laka yake farauta. Yawancin ƙasar Kano jigawa ce mai yashi, amma wanda ya yi gini a kan kududdufin da aka cike, ko a gefen fadama wajen Jakara ko Challawa, ya san wahalar: a watan Agusta ruwa ya kwanta kwana da kwanaki, da rani kuwa ƙasa ta tsattsage, fartanya ba ta shigarta. Irin wannan maigida ya gaji da shukar da ke mutuwa, sai ga mai cewa, "Alhaji, wannan daga waje aka kawo shi, ba ruwansa da taki, ba ruwansa da ban ruwa, ka dasa ka manta."

Hotunan ma sun isa su tona shi. Akwai tuffa jingim da 'ya'ya, wai a nan birni. Tuffa sanyi take so, shi ya sa sai a wurare irin su Jos da Mambila ake jin labarin nomanta, ba inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 ba. Akwai kuma furen wardi shuɗi shar. Wardi ba ya yin shuɗi da kansa. Ko wanda kamfanin Suntory na Japan ya sanar a 2004 bayan sauya ƙwayar halitta, launinsa ya fi kusa da shunayya.

Zai nemi kafin alƙalami, a tura wani asusu da sunansa ya bambanta da na shafin. Wasu daga nan waya ta mutu. Waɗanda aka kawo wa kaya a a-daidaita-sahu su ne suka fi ba ni tausayi, don sai sun yi makonni suna ban ruwa kafin su gane. Wata maƙwabciyarmu ta ce in duba mata nata, ganin ganye na zuba. Na yage baƙar ledar, ƙasa ta zube, sai ga reshe da aka sara aka soka, ko silin saiwa babu, gindinsa ya yi baƙi yana wari. Mangwaron da ya ce mai aure ne kuma an naɗe shi da salatef a tsakiya. Muka kwance, kara guda ne sumul, babu tabon haɗi. Ɗan ƙwallo ne aka yi wa ado.

Inda mugun wayon yake shi ne, laka dama tana kashe shuka. Don haka idan kika kira shi, sai ya ce, "Hajiya, ai ƙasarki ce ke da matsala," ya sake sayar miki da kwalbar wani ruwa wai maganin narkar da laka. Babu kwalbar da za ta yi wannan aikin. Abin da ke sassauta laka sananne ne: ruɓaɓɓen takin dabbobi, ganyen da ya ruɓe, ɓuntun shinkafa, a riƙa zubawa shekara bayan shekara. Kuma kar a ce za a barbaɗa ɗan yashi kaɗan a cakuɗa, abin da zai fito ya fi kama da tubali.

Kafin ka sayi komai, haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ka cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ruwan na nan, to ka tara ƙasa ka yi tudu ka dasa a kai, kar ka binne dashe a ramin da zai zame masa matattarar ruwa. Gwanda da zogale ba sa jure ruwa a gindinsu, nan da nan saiwarsu ke ruɓewa. Gwaiba tana da haƙuri da laka. Ayaba na son danshi, sai dai da rani za ta sha maka ruwa. Bagaruwa da kanya da ciyawar jema dama 'yan fadama ne. Bishiyar turare ma tana jurewa, amma a nisanta ta da gini da masai saboda saiwarta. Duk cikinsu babu wanda ba ya neman ban ruwa a raninsa na farko.

Ka je wurin mai renon dashe da ke da mazauni, ka ce ya zare maka ɗaya daga leda ka ga fararen saiwoyi sun riƙe ƙasa, ya nuna maka tabon aure, sannan ka biya. Mai son ƙarin bayani kan ƙasar gidansa ya tambayi malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Kano.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya adana shaidar biya da hoton hirarsu, ya sanar da bankinsa ba tare da jinkiri ba, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa. A kuma tura wannan saƙo zaurukan unguwa, don da faɗuwar ruwan farko yake ƙara ƙaimin talla.